Cinikin biri a sama: garantin kamfanin tafiya da dokar killacewa

Kalmar "garanti" ta zama gishirin talla a ƙasar nan. Ajans ɗin Umra na rubuta ta, mai nema wa ɗalibai gurbin karatu a waje na rubuta ta, lakwal mai zaman kanta ma na manna ta a bango, wai nasara garanti ɗari bisa ɗari. Ni matsayina a bayyane yake: duk wanda ya sayar maka da garanti kan ƙofar da mabuɗinta ke aljihun gwamnati, cinikin biri a sama ya yi da kai. An gwada wannan ciniki a gaban idon duniya cikin 2020 da 2021 a Birtaniya, ƙasar da ta fi mu yawan dokokin kare mai saye da kotuna da jaridu masu bin diddigi, kuma an ga wanda ya kwana ciki.

Sai an san yadda suke bakansi kafin a gane labarin. Magidanci a Ingila yakan biya kamfani guda kuɗin jirgi da na otel, wani lokaci har da abinci, dunƙule ɗaya, tun watanni kafin tafiya. Galibi Sifaniya suke nufa ko Girka ko Fotugal, inda rana take. Iyaye da malamai kuwa ba su da zaɓin lokaci. Babban hutunsu kamar mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma uban da ya fitar da yaro daga aji ya tafi da shi yawo lokacin karatu, tarar fam 60 ke jiransa a wancan lokacin. Kenan a tsakanin waɗannan makonni shida kowa ke tururuwa, a nan ne kuma farashi ke tashi.

Da korona ta zo, gwamnatin Birtaniya ta ce daga 8 ga Yunin 2020 duk wanda ya shigo ƙasar sai ya killace kansa a gida kwana 14, wanda ya karya a Ingila tarar fam 1,000. Ranar 10 ga Yuli aka cire wasu ƙasashe daga wannan doka, har da Sifaniya da Faransa. Nan take kamfanoni suka cika allo da talla: ku yi rijista hankali kwance, mun yi alkawari, kuɗinku na cikin aminci, za ku iya sauya rana kyauta. Kowane kamfani ya laƙaba wa alkawarinsa suna mai daɗin ji. Mutanen da suka yi wata uku a kulle da yara cikin ɗaki suka ciro kuɗi suka biya.

Kwana goma sha biyar kacal abin ya yi. Da yammacin Asabar 25 ga Yuli, daidai farkon hutun makarantu, gwamnati ta sanar cewa daga tsakar daren nan duk mai dawowa daga Sifaniya sai ya killace kansa kwana 14. Sa'o'i kaɗan aka ba mutane. Abin dariya, ministan sufuri Grant Shapps, wanda dokar ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, a ranar ya isa Sifaniya bakansi da iyalinsa, sai da ya katse hutun ya dawo ya zauna a gida mako biyu. Washegari ministan harkokin waje Dominic Raab ya fito talabijin ya ce gwamnati ba za ta iya ba kowa garanti kan tafiya waje ba. To, jama'a, in mai mabuɗin da kansa ya ce ba ya iya ba da garanti, wanda ke tsaye bakin ƙofa yana karɓar kuɗi fa, garantin me yake sayarwa?

Amsar tana cikin ƙananan rubutun da ba a karantawa. Dokar Birtaniya ta 2018 kan irin wannan tafiya ta dunƙule ta ce in kamfani ya soke tafiya, dole ya mayar da kuɗi cikin kwana 14. Ta kuma ce matafiyi na iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa duka in wani bala'in da ba makawa ya auku a wurin da za a je ko kusa da shi, har ya ɓata tafiyar. A lura da kyau: a wurin da za a je. Killacewar dawowa kuwa a gidanka take aukuwa, a Landan ko Liverpool. Otel ɗin yana buɗe, teku tana nan, jirgi zai tashi. Sai kamfani ya ce ni na cika alkawarina, ga kujerarka, in ba ka zo ba kai ka fasa. Wanda ya sayi tikitin jirgi kawai, nasa ya fi muni, domin dokar jirage ba ta tilasta a mayar da kuɗi sai in kamfanin ne ya soke tashi. Shi ya sa wasu jirage suka ci gaba da tashi da kujeru wayam, kuɗin kujerun kuma na aljihunsu.

Alkawarin ya ɗauki tafiya ya bar dawowa, alhali a dawowar ne hasarar take. Mako biyu a gida ba aiki, kuma gwamnati ta ce wanda ya killace kansa saboda tafiya ba shi da haƙƙin kuɗin rashin lafiya da doka ta tanadar wa ma'aikaci. Ta dai roƙi masu ɗaukar aiki su yi sassauci, kamar roƙo na biyan kuɗin haya. Direban bas, mai wankin asibiti, mai gadin kanti, in ubangidansa bai ga dama ba, albashin rabin wata ya tafi. Malamin makaranta kuma ma'aikatar ilimi ta riga ta ce ana sa ran kowa ya kasance a bakin aiki ranar komawa. Wanda ya biya tafiyar ƙarshen Agusta tun cikin Janairu ya samu kansa tsakanin abu biyu: ya tafi ya dawo ya bar ajinsa mako biyu ba malami, bayan yaran sun yi watanni a gida, ko ya zauna ya yi asarar kuɗin da ya tara shekara guda. Mu da muka ga yadda aji ke lalacewa in mushe ya yi sati biyu bai shiga ba, mun san wanne ne mai hankali zai zaɓa, mun kuma san kamfanin ya san haka.

Ban ce gwamnati ta yi laifi da ta killace mutane ba. A nan na rabu da masu cewa ai duk laifin na hukuma ne da ba ta ba da wa'adi mai tsawo ba. Cuta ba ta aiko da takardar sanarwa. Masu nazarin ƙwayar cutar sun bi sawun wani nau'inta da ya ɓulla a arewa maso gabashin Sifaniya a farkon bazararsu ta 2020, suka tarar masu dawowa daga bakansi ne suka watsa shi cikin Turai, har ya zama shi ne ya fi yawa a Birtaniya kafin ƙarshen shekarar. Kuma an ga abin da wa'adi ke haifarwa. Da aka sanar ranar 13 ga Agusta cewa Faransa ma za ta shiga dokar daga ƙarfe 4 na asubahin 15 ga wata, mutanen da jaridu suka ƙiyasta sun kai 160,000 suka shiga rige-rigen jirgin ruwa da na ƙasa da na sama, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kowa na son ya tsallako kafin agogo ya buga. Wanda ya iso ƙarfe 3 da rabi ba killacewa, wanda ya iso ƙarfe 4 da rabi mako biyu, kamar ƙwayar cutar na ɗaure da agogo a hannu. Rufe iyaka don kare rai aikin gwamnati ne, ba ta kuma buƙatar izinin mai sayar da tikiti.

Laifin gwamnati wani ne daban: baki biyu. A daren nan na 25 ga Yuli, ma'aikatar harkokin waje ta ce kada a je babban yankin Sifaniya sai dole, amma ba ta sa tsibiran Kanari da Baleyar cikin gargaɗin ba, alhali dokar killacewa ta haɗa da su. Kwana biyu ana haka kafin a daidaita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gargaɗin ma'aikatar harkokin waje shi ne kamfanoni suka saba dubawa kafin su soke tafiya su mayar da kuɗi, shi ne kuma kamfanonin inshora ke dubawa su ce ba ruwansu da wanda ya tafi bayan an gargaɗe shi. Ma'aikata ɗaya ta ce je ka, ɗaya ta ce in ka je za ka gani. A ramin da ke tsakaninsu kuɗin talaka ya faɗa.

Ba su daddara ba. A 2021 suka fito da tsarin launi uku kamar fitilar hanya. Ƙasa mai kore ba killacewa, mai ruwan ɗorawa kwana 10 a gida da gwaji biyu, mai ja kuwa kwana 10 a otel ɗin da gwamnati ta zaɓa, da kuɗinka. Daga 17 ga Mayu doka ta halatta tafiya ƙasar ruwan ɗorawa, amma firayim minista Boris Johnson ya ce bai kamata a je can bakansi ba. Halal ne amma kada a yi. Kamfanoni kuwa suka ci gaba da sayar da wasu daga cikin wuraren, wanda ya bi shawarar shugabansa ya fasa sai a ce masa sauya rana kawai za a yi, ba mayar da kuɗi. Fotugal ta samu kore ranar 17 ga Mayu, dubban magoya bayan Chelsea da Manchester City suka je Porto kallon wasan ƙarshe na Zakarun Turai ranar 29 ga wata, ranar 8 ga Yuni kuma aka mayar da ita ruwan ɗorawa. Mako uku kenan. Wane garanti ne zai rayu cikin irin wannan iska?

Za a ce mini kamfanonin ma sun sha wuya, jirage sun yi watanni a fake, ma'aikata sun rasa aiki, kuɗin da mutane suka biya kuma ya riga ya wuce hannun masu otel da masu jirgi. Gaskiya ne, kuma ba na yi musu dariya. Amma wahalarka ba ta halatta maka riƙe kuɗin wani. Manyansu sun samu inda suka jingina: TUI, wanda ya fi kowa girma a harkar, ya samu bashin yuro biliyan 1.8 da goyon bayan gwamnatin Jamus tun farkon annobar, daga baya aka ƙara masa. Magidancin da aka riƙe masa fam dubu biyu wata biyar, wa ya ba shi bashi? Shi ne ma aka mayar banki, yana ba kamfani rance ba riba ba kuma da yardarsa ba. Ko inda doka ta fito fili, inda kamfani da kansa ya soke tafiya, kwana 14 ɗin nan sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bi su da sanda. Virgin Holidays ya yi alkawarin mayar da fam miliyon 203 a Oktoban 2020. Loveholidays ya amince ya mayar da sama da fam miliyon 18 ga mutane 44,000 a Disamba. Shi wannan na biyun, tare da On the Beach, a Satumban shekarar suka fice daga ƙungiyar ABTA ta kamfanonin tafiya, saboda ƙungiyar ta dage cewa sai a mayar da kuɗi duka in ma'aikatar harkokin waje ta yi gargaɗi. Tambarin ƙungiyar na cikin abin da ke sa mutane su amince su biya. Da ranar biyan alkawari ta zo, sai aka sauke tambarin.

Inda doka ta yi shiru kuwa, ko sandar ba ta yi amfani ba. Hukumar ta buɗe bincike kan British Airways da Ryanair a Yunin 2021 saboda sun ƙi mayar da kuɗin mutanen da dokar kulle ta haramta wa fita daga gida alhali jirgi ya tashi. A Oktoba ta rufe binciken, ta ce doka ba ta fayyace haƙƙinsu yadda za a iya cin nasara a kotu ba. Mutum ya bi doka ya zauna a gida, kuɗinsa ya tashi sama ba shi.

Faransa, wadda dokokinmu da yawa daga nata aka kwafo su, ta ma fi fitowa fili wajen zaɓar ɓangare. Da dokar 25 ga Maris 2020 ta ba kamfanoni izinin su ba mutum takardar bashi mai wa'adin wata 18 a maimakon kuɗinsa. Ƙungiyoyin kare masu saye suka kai ƙara, Kotun Tarayyar Turai ta ba su gaskiya ranar 8 ga Yunin 2023. Shekara uku bayan an ci kasuwa an watse.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa: mushe, mu da muke jiran albashin ƴan kwantaragi, ina ruwanmu da Turawan da aka hana kwanciya bakin teku? Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maƙwabtanmu sun ɗanɗana kai tsaye. Ranar 6 ga Disamban 2021 Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin ja saboda nau'in Omikron. Ɗalibi ko likitan da ke zaune can ya zo gida biki, dawowarsa sai ya biya fam 2,285 na otel ɗin killacewa, sama da sefa miliyon 1 da jikka 700. Ranar 15 ga wata aka soke jerin gaba ɗaya. Kwana tara. Wanda tikitinsa ya faɗo cikin kwanakin nan tara ya biya, wanda ya jinkirta sati ɗaya bai biya ko dala ba.

Mu kuma tamu tafiyar da ake tara wa kuɗi shekara da shekaru, a biya dunƙule tun watanni kafin lokaci, ita ce ta Makka. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umra daga waje, wasu na filin jirgi da kayansu. A nan gida, shugaba Issoufou Mahamadou ya sanar da rufe filayen jiragen Yamai da Damagaram daga tsakar daren 19 ga Maris na mako biyu da za a iya sabuntawa. Mako biyun nan sai 1 ga Agusta suka ƙare, iyakokin ƙasa kuwa sai 17 ga Yunin 2021. Hajjin 2020 da na 2021 ba a karɓi kowa daga waje ba. Da aka buɗe a 2022, kujerun Nijar suka sauko daga 15,891 zuwa 7,194, aka kuma ce wanda ya haura shekara 65 ba zai je ba. Su wa ke zuwa Hajji a ƙauyukanmu in ba dattawa ba?

Ƙanin mahaifina na cikinsu. Ya sayar da shanu ya biya wata ajans a farkon 2020, takardar da aka ba shi kuma tana ɗauke da kalmar nan da manyan baƙaƙe. Shekarar farko aka ce ya bar kuɗin, kujerarsa garanti ce baɗi. Shekara ta biyu aka maimaita. A ta uku shekarunsa suka hana shi. Da muka je neman kuɗin, sai aka fara lissafin kuɗin dosiye da kuɗin ajiya da wani abu da aka ce an riga an tura. Na karanta takardar gaba da baya a gabansu, babu layi ɗaya da ya ce ga abin da za a yi in Saudiyya ko gwamnatinmu ta hana tafiya. Ban ce dukansu haka suke ba, na san waɗanda suka mayar da kuɗi ba gardama. Amma wannan kirkin mai ajans ne, takardar ba ta tilasta masa ba, kuma kirki ba a kai shi gaban alƙali.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hana sayar da kifin da ke cikin ruwa da tsuntsun da ke sama, don mai sayarwa bai mallaki abin da zai miƙa ba. Biza ba ta ajans ba ce. Buɗe iyaka ba nata ba ne. Abu ɗaya tak ke hannunta wanda za ta iya lamuncewa: kuɗin da ta karɓa. Saboda haka garantin gaskiya jimla ɗaya ce, in hukumar wata ƙasa ta hana ka tafiya, ko ta sa maka sharaɗin da ba ya nan ranar da ka biya, za a mayar maka da kaza cikin kwana kaza. In kamfani ya ce ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, to madalla, ya faɗa, ya goge kalmar daga tallarsa, mutum ya biya yana sane da cewa kasada yake yi. Abin da na ƙi shi ne a karɓi kuɗin kwanciyar hankali a bar wa mai biya kasadar.

Hukumar COHO mai kula da Hajji da Umra ita ke tantance ajans ɗin da za su yi aiki. Tana da ikon ta ce ba wadda za ta karɓi ko jikka ɗaya sai da takardar yarjejeniya iri ɗaya mai ɗauke da wannan jimla, a rubuce da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida. Haka ma masu kai ɗalibai karatu waje, waɗanda iyaye ke sayar wa da fili su biya. Kada kuma wani ya ce korona ta wuce. A Agustan 2023 ba cuta ba ce ta rufe sararin samaniyar ƙasar nan daga 6 ga wata har 4 ga Satumba, kuma masu tikiti a hannu sun sake jin irin amsar da aka ba Turawa a 2020.

Namu aikin a aji yake. Muna koya wa yara ƴan aji uku na kwaleji nazarin rubutu, su gano wa ke magana, da wa yake, me yake nufi, amma yawancinsu za su fita lakwal ba su taɓa riƙe takardar yarjejeniya ta gaske a hannu ba, alhali su ne ake kira a gida su karanta wa kaka abin da zai danna wa yatsa. A bana na shigar da tallar wata ajans da takardar rijistarta aji, bayan na shafe sunan. Na ce su nemo mini inda aka rubuta abin da zai faru da kuɗin in aka rufe iyaka. Suka yi minti ashirin suna nema, sannan wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta tambaya ko akwai shafi na biyu da na manta ban raba ba. Takardar shafi ɗaya ce.